Ezra Firist da Magatakarda, Wanda Ya Kawo Littafi Tsakiyar Jama'a

A ranar 13 ga watan Yuli na kowace shekara Ikilisiyar Katolika tana ambaton Ezra cikin jerin tsarkakanta. Yawancinmu mun san labarin Musa da Dawuda da Iliya tun muna ajin katikizim, amma Ezra ba kasafai ake jin sunansa a bakin mutane ba, gama bai raba teku ba, bai kashe ƙato ba, bai kuma kira wuta daga sama ba. Abin da ya yi shi ne, ya ɗauki littafi ya hau dakali, ya karanta wa talakawa har suka gane. Duk da haka wanda yake so ya san inda Yahudawa suke sujada da bukukuwansu, da dalilin da ya sa addininsu bai mutu ba bayan an rushe musu Haikali har sau biyu, lalle ne ya san wannan mutum. Mu ma da muke zama kowace Lahadi mu saurari karatu da wa'azi kafin a kawo gurasa da ruwan inabi, muna cin gādonsa ne.

Asalinsa da zamanin da aka haife shi

Ezra ɗan gidan firistoci ne. Littafin da yake ɗauke da sunansa ya jera kakanninsa tun daga Seraiya, ya bi ta kan Zadok da Finehas da Ele'azara har ya kai Haruna, ɗan'uwan Musa. Seraiyan nan shi ne babban firist a ranar da rundunar Nebukadnezzar ta ci Urushalima a shekara ta 587 kafin haihuwar Kristi. An ƙone Haikalin da Sulemanu ya gina, aka kwashe kayan zinariya da na tagulla, aka kai Seraiya Ribla aka kashe shi, sauran manyan gari kuwa aka kora su Babila.

Domin mu gane girman wannan masifa, sai mu tuna cewa Attaura ta ba da wuri ɗaya tak inda za a miƙa hadaya. A nan bagade yake, a nan ake ƙona ɗan rago da safe da kuma maraice, a nan babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara a Ranar Kafara, can ne kuma mazajen Isra'ila suke haurawa sau uku a shekara domin Idin Ƙetarewa, da Idin Makonni, da Idin Bukkoki. Da wurin ya zama toka, sai ya zamana firist ba shi da bagade, mai zunubi kuma ba shi da inda zai kai hadayarsa. Al'ummai da yawa na wancan zamani, da zarar an rushe ɗakin gunkinsu, sai addininsu ya bi shi.

Yahudawan Babila ba su gina wani Haikali a baƙuwar ƙasa ba. Sai suka riƙe abin da ake iya ɗauka a ka da zuciya. Suka kiyaye Asabar, suka yi wa 'ya'yansu kaciya, suka lura da abin da suke ci. Littafin Ezekiyel ya nuna mana dattawan Yahuza suna zuwa gidan annabin su zauna a gabansa domin jin maganar Ubangiji. Littafin Daniyel kuma ya nuna mutum yana durƙusawa a ɗakinsa sau uku a rana, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima. Malamai suka yi ta tattara tsofaffin rubuce-rubuce suna kwafe su. Cikin irin wannan jama'a aka haifi Ezra, a nan ya yi girma.

A shekara ta 539 Sairus, sarkin Farisa, ya ci Babila, a shekarar da ta biyo kuwa ya ba Yahudawa izini su koma. Waɗansu suka koma, suka sāke gina Haikali a ƙarƙashin Zarubabel da Yeshuwa firist, annabi Haggai da annabi Zakariya suna ƙarfafa su, har aka gama aikin wajen shekara ta 515. Amma da yawa suka yi zamansu a Babila, gama sun riga sun kafa gidaje da sana'o'i. Iyayen Ezra suna cikin waɗanda suka zauna. Saboda haka shi firist ne ta wurin haihuwa, amma ya girma nesa da bagade, aikin da ya iske a gabansa kuwa shi ne na alƙalami da takarda. Littafi Mai Tsarki ya shaide shi a kan abu uku, a jere kuma: ya sa zuciyarsa ga nazarin Shari'ar Ubangiji, da aikata ta, sa'an nan da koyar da ita. Kowane katikis da kowane firist ya kamata ya lura da wannan jeri, domin koyarwa ce ta zo ƙarshe.

Tafiya zuwa Urushalima

A shekara ta bakwai ta sarautar Artashate, Ezra ya sami takardar izini daga sarki. Yawancin masana suna ɗaukan wannan sarki shi ne Artashate na Ɗaya, wato shekarar ta zama 458 kafin haihuwar Kristi, waɗansu kuwa suna cewa na Biyu ne, su kai tafiyar shekara ta 398. Takardar tana nan cikin sura ta 7 da harshen Aramaik, harshen da ake aikin mulki da shi a daular Farisa. Ta ba shi iko ya tafi da duk Bayahuden da yake so, ya kai kyautar sarki da ta fādawa Haikali, ya bincika yadda ake bin Shari'a a Yahuza, ya naɗa alƙalai, ya kuma koya wa waɗanda ba su san dokokin ba. Ta kuma ɗauke wa ma'aikatan Haikali haraji.

Ezra ya tara ayarinsa a bakin kogin Ahawa, suka yi zango kwana uku. Maza kimanin 1,500 ne, ban da mata da yara. Da ya duba, sai ya tarar babu Balawe ko ɗaya, alhali kuwa Lawiyawa su ne masu hidimar Haikali da koyar da jama'a. Bai tashi ba sai da ya aika wurin Iddo, shugaban wani wuri da ake kira Kasifiya, aka kawo masa Lawiyawa 38 da ma'aikatan Haikali 220. Ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ranar da zai bukaci waɗannan mutane kuwa tana zuwa.

Dukiyar da ke hannunsu ba kaɗan ba ce: azurfa talanti 650, da zinariya talanti 100, da kwanonin zinariya 20, ban da sauran kaya. Talanti ɗaya ya fi kilo 30. Hanya kuwa cike take da 'yan fashi. Ezra yana da damar roƙon sarki ya haɗa shi da sojoji da mahaya, amma kunya ta hana shi, gama ya riga ya shaida wa sarki cewa Allahnsu yana kiyaye masu nemansa. Sai ya sa aka yi azumi da addu'a a bakin kogin. Bayan haka ya zaɓi manyan firistoci 12 da Lawiyawa, ya auna musu dukiyar, ya danƙa musu amana. Dogararsa ga Allah ba ta hana shi riƙon lissafi ba. Suka bar Ahawa ran 12 ga wata na fari, suka bi hanyar da ta kewaye hamada ta gefen kogin Yufiretis, tafiyar wajen kilomita 1,400, cikin zafin bazara, suka isa Urushalima ran 1 ga wata na biyar. Suka huta kwana uku, a rana ta huɗu aka sāke auna kome a Haikali, aka rubuta nauyinsa. Sa'an nan suka miƙa bijimai 12 saboda kabilan Isra'ila, da raguna 96, da 'yan raguna 77, da bunsurai 12. Ɗan firistocin da ya girma ba bagade, ranar nan ya ga hayaƙin hadaya da idonsa.

Haikali yana tsaye, jama'a suna lalacewa

Murnar ba ta daɗe ba. Ginin yana nan, ana yanka dabbobi a kan kari, amma Shari'ar ba ta shiga gidaje ba. Shugabanni suka zo suka faɗa wa Ezra cewa mutane da yawa, har da firistoci da Lawiyawa, sun auro mata daga al'umman da ke kewaye masu bautar gumaka, manyan gari ne ma suka buɗe wannan ƙofa. Ezra ya kyakketa tufafinsa, ya tsige gashin kansa da gemunsa, ya zauna shiru har lokacin hadayar maraice. Da ya tashi yin addu'a, bai ware kansa daga masu laifi ba. Ya sa kansa cikinsu, ya furta zunubin kamar nasa ne, yana kuka a gaban Haikali, har taro mai yawa na maza da mata da yara suka kewaye shi suna kuka tare da shi.

Wani mutum mai suna Shekaniya ne ya kawo shawara a yi alkawari a sallami matan da 'ya'yansu. Aka yi shela kowa ya hallara Urushalima cikin kwana uku. Ran 20 ga wata na tara, wato tsakiyar damunar ƙasar mai sanyi, jama'a suka zauna a filin Haikali suna rawar ɗari saboda ruwan sama da nauyin maganar. Suka roƙa kada a yanke hukunci a tsaye cikin ruwa, sai a naɗa dattawa su duba al'amarin kowa ɗaya ɗaya. Mutum huɗu suka ƙi yarda da shawarar, littafin kuwa bai ɓoye sunayensu ba. An ɗauki wata uku ana bincike, aka sami mutum kimanin 110.

Wannan shi ne wuri mafi ɗaci cikin tarihin Ezra, ba kuwa za mu shafa masa zuma ba. Matan nan da 'ya'yansu mutane ne, sun kuma sha wuya. Abin da ya tsorata Ezra shi ne, jama'ar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, bautar gumaka ce kuma ta jawo musu bauta tun farko, ya kuma san abin da uwa ta koya wa yaro a ɗaki shi ne yake zama addininsa. Amma Littafi Mai Tsarki ɗin nan shi ne ya ba mu labarin Rut, mutuniyar Mowab, wadda ta zama kakar Dawuda, Matiyu kuma ya sa ta cikin asalin Ubangijinmu. Bulus Manzo, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura ta 7, ya umarci mai bi kada ya rabu da abokin aurensa marar bi muddin ya yarda su zauna tare. Saboda haka kada wani a cikinmu ya fake da Ezra ya kori matarsa. Darasin da ya rage mana shi ne, ginin sujada ba ya iya riƙe bangaskiyar da gida ya saki.

Ranar da aka buɗe littafi a Ƙofar Ruwa

A shekara ta 445 Nehemiya, mai shayar da sarkin Farisa, ya iso Urushalima a matsayin gwamna, ya sāke gina garun birnin cikin kwana 52. Bisa ga yadda littafin Nehemiya ya jera labarin, bayan an gama garun ne babbar ranar Ezra ta zo. Ran 1 ga wata na bakwai jama'a duka suka taru a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa. Su da kansu suka roƙi Ezra ya kawo littafin Shari'ar Musa.

Sai mu lura da wurin. Ba a farfajiyar firistoci aka taru ba, inda talaka ba ya shiga. A fili ne, inda mace da yaro da manomi za su iya tsayawa, littafin ma ya faɗa a sarari cewa akwai maza da mata da duk wanda ya isa ya fahimta. An yi wa Ezra dakalin katako mai tsayi domin kowa ya gan shi. Mutum shida suka tsaya a damansa, bakwai a hagunsa. Da ya buɗe littafin, jama'a duka suka miƙe tsaye. Ya yabi Ubangiji, suka amsa da Amin, hannuwansu a sama, sa'an nan suka sunkuya har ƙasa. Ya yi ta karatu tun da sassafe har tsakar rana. Lawiyawa 13 suna cikin taron suna bayyana ma'anar abin da aka karanta. Al'adar Yahudawa ta ce a ranar ce aka soma fassara karatun Ibrananci zuwa Aramaik, gama shi ne harshen da talakawa suke ji a lokacin.

Da mutane suka gane abin da Shari'a take nema, suka kuma ga nisan da ke tsakaninta da zamansu, sai suka fashe da kuka. Nehemiya da Ezra da Lawiyawa suka hana su, suka nuna musu ranar tsattsarka ce, ba ta makoki ba. Suka sallame su su koma gida su ci mai maiƙo, su sha mai zaƙi, su kuma aika wa wanda ba shi da kome rabonsa. Ibadar da aka soma a dandali, a akushin gida aka ƙarasa ta, maƙwabci matalauci kuma ya sami nasa.

Kashegari shugabannin iyalai suka komo wurin Ezra domin ƙarin nazari, suka tarar an umarta a zauna cikin bukkoki a idin wata na bakwai, domin tunawa da zaman kakanninsu a jeji. Mutane suka fita tuddai suka saro rassan zaitun da na dabino da na itatuwa masu ganye, kowa ya kafa bukka a kan soron gidansa ko a tsakar gida, waɗansu a farfajiyar Haikali, waɗansu a dandalin Ƙofar Ruwa da na Ƙofar Ifraimu. Kwana bakwai ana idi, kowace rana kuwa ana karatu, a rana ta takwas aka yi babban taro. Ran 24 ga watan suka yi azumi, suka tuba, suka rubuta alkawari suka sa hannu cewa za su kiyaye Asabar, ba za su yi ciniki a cikinta ba, za su kuma riƙa ba da sulusin shekel kowace shekara da itacen bagade domin hidimar Haikali. Ezra bai raina Haikali ba, gama shi firist ne. Abin da ya yi shi ne, ya kafa wa sujada ƙafa uku kamar murhu: Haikali, da taron karatu, da gida. Wuri na ƙarshe da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana shi, yana gaban ɗaya daga cikin jerin gwano biyu na mawaƙa da suka zaga bisa garun a ranar keɓe shi.

Rasuwarsa da abin da aka riƙe game da shi

Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na fari, ya rubuta cewa Ezra ya rasu da tsufa, aka binne shi da girma a Urushalima. Wata al'ada kuma tana nuna kabarinsa a bakin kogin Dijla, a kudancin Iraƙi, a wani gari da ake kira Al-Uzair, inda Yahudawa da Musulmi suka daɗe suna kai ziyara. Malaman tafsiri da yawa suna ɗaukan Uzairu da aka ambata cikin Alƙur'ani shi ne Ezra, don haka sunan da muke ji a unguwanninmu a ƙasar Hausa ba baƙonmu ba ne.

Malaman Yahudawa na baya sun ɗauke shi kamar Musa na biyu, wanda ya komo da Attaura bayan an manta da ita. Gare shi suke danganta rubuta Attaura da haruffan nan masu kusurwa da ake amfani da su har yau. Gare shi kuma suke danganta dokar karanta Attaura a bainar jama'a ran Asabar da yamma, da Litinin, da Alhamis. Ranakun nan biyu su ne mutanen ƙauye suke shigowa gari domin kasuwa da shari'a, ta haka wanda ya kawo kaya ya sayar zai koma da Maganar Allah a kunnensa, kwana uku kuma ba za su wuce ba a ji karatu ba.

Majami'a da gida

Ezra bai gina majami'a da hannunsa ba. Shaidar rubutu mafi tsufa da aka samu game da ɗakunan addu'a na Yahudawa daga Masar take, ta zamanin sarki Talomi na Uku, wanda ya yi mulki daga 246 zuwa 221 kafin haihuwar Kristi. Amma tsarin abin da ake yi cikin majami'a, wato taro, da dakali, da buɗe littafi, da albarka, da Amin, da karatu, da bayani, shi ne na Ƙofar Ruwa. A zamanin Yesu majami'u sun bazu a Galili da Yahudiya da biranen Rum, alhali Haikali yana tsaye. A shekara ta 1913 an tono wani dutse a Urushalima mai rubutun Helenanci, inda wani Tiyodotus, firist kuma shugaban majami'a, ya ce ya gina wurin domin karatun Shari'a da koyar da dokoki, tare da ɗakunan saukar baƙi. A shekara ta 2009 kuma an gano majami'ar ƙarni na fari a Magadala, garin Maryamu Magadaliya.

A shekara ta 70 bayan haihuwar Kristi rundunar Rum a ƙarƙashin Titus ta ƙone Haikali na biyu. Tun daga ranar hadayar dabbobi ta tsaya, ba a kuma sāke gina shi ba. Abin da ya rage a wurin shi ne katangun da suka tallafi farfajiyarsa, Yahudawa kuwa suna zuwa addu'a a gindin ta yamma. Ƙafa ɗaya ta karye, amma biyu suka tsaya. Malamai, Yohanan ɗan Zakkai yana gaba, suka taru a garin Yabne suka tsara yadda addu'a da nazari da aikin jinƙai za su tsaya a gurbin hadaya.

Wanda ya shiga majami'ar Yahudawa a yau zai ga wani akwati ko ɗan ɗaki a bangon da yake fuskantar Urushalima, inda ake ajiye naɗaɗɗun littattafan Attaura da aka rubuta da hannu a kan fata. A gabansa akwai fitila da ba a kashewa. Akwai kuma dakalin karatu. Ana addu'a safe da yamma da dare, waɗansu addu'o'in kuwa ba a yinsu sai an sami manya goma. An raba littattafan Musa biyar kashi 54, ana karance su cikin shekara, a sāke somawa da murna a ƙarshen Idin Bukkoki. Nan ake busa ƙahon rago a idin sabuwar shekara, wanda yake faɗuwa ran 1 ga wata na bakwai, ranar da Ezra ya yi karatunsa. Nan ake yinin azumin Ranar Kafara. Nan kuma yaro mai shekara 13 yake hawa dakali ya yi karatu a gaban jama'a karo na fari. Shugaban majami'a malami ne, ba firist mai miƙa hadaya ba.

Sauran rabin addinin a gida yake. A dogaran ƙofa ana manna ɗan kwando mai ɗauke da ayoyi daga Maimaitawar Shari'a. Ran Jumma'a kafin faɗuwar rana uwargida takan kunna fitilun Asabar, a sa albarka a kan ƙoƙon ruwan inabi da gurasa biyu, iyaye su sa wa 'ya'yansu albarka. Jibin Idin Ƙetarewa a teburin gida ake cinsa, ƙaramin yaro ne yake yin tambayoyi, manya su ba shi labarin fitowa daga Masar. A Idin Bukkoki har yanzu ana kafa bukka a tsakar gida ko a kan bene, a ci abinci a ciki kwana bakwai. Kaciyar rana ta takwas ana yinta a gida ko a majami'a, aure kuma a ƙarƙashin 'yar rumfa ake ɗaura shi, ko a ina aka kafa ta.

Abin da ya shafe mu

Ubangijinmu Yesu ya san wuraren nan uku. An miƙa shi a Haikali yana jariri, ya saba zuwa majami'a ran Asabar, ya kuma ci Jibin Ƙarshe a ɗakin bene na wani gida. Shi ya sa a Lahadi ta uku ta Lokacin Kullum, a shekarar C, Ikilisiya take haɗa karatun Ezra a Ƙofar Ruwa da labarin Luka na ranar da Yesu ya buɗe littafin Ishaya a majami'ar Nazarat. A shekara ta 2019 Paparoma Faransis ya keɓe Lahadin nan ta zama Lahadin Maganar Allah. Rabin farko na Misa, inda muke miƙewa domin Bishara, mu zauna domin wa'azi, daga wannan rijiya aka ɗebo shi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, da izinin da Majalisar Vatican ta Biyu ta bayar a 1963 na yin amfani da harsunan jama'a cikin ibada, aikin Lawiyawan nan 13 ne ake ci gaba da shi. Majalisar kuma a 1965 ta tuna mana da gādon da muke tarayya da Yahudawa, ta hana ƙiyayya gare su, a ran 13 ga Afrilu 1986 kuwa Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci babbar majami'ar Roma.

Akwai bambanci da ba za mu manta ba. Mu muna da bagade, gama hadayar Kristi da aka miƙa sau ɗaya a kan gicciye ita ce ake kawo mana a kowace Misa, babu kuma abin da zai tsaya a gurbinta. Amma mun san ƙauyukanmu da suke yin makonni ba su ga Fada ba. Mun san jama'un da aka ƙone musu ɗakin sujada a lokacin tashin hankali, da waɗanda gudun hijira ya raba da garinsu. Idan duk bangaskiyarsu a jikin gini take, ranar da ginin ya faɗi sun rasa kome. Inda kuwa akwai katikis da zai buɗe Littafi a gindin bishiya ya bayyana shi da harshen da tsohuwa take ji, inda akwai uba da uwa da suke tara yara su yi addu'a kafin barci, to, jama'ar nan za ta jira Misa da rai, ba za ta watse ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da bai ji Maganar Allah a ɗakin uwarsa ba, sa'a ɗaya ta ran Lahadi ba za ta ishe shi ba.

Saboda haka ina roƙon kowane magidanci ya nemi Littafi Mai Tsarki na gidansa, ya sa lokacin karanta shi da iyalinsa. Masu karatu a Misa su shirya tun kafin Lahadi, su ɗaga murya, su karanta dalla-dalla. Mu kuma riƙa kula da katikis ɗinmu da abin da zai ci, gama nauyin da yake ɗauke da shi ba ƙarami ba ne. Allah da ya kiyaye Ezra a hanyar Ahawa, ya kiyaye gidajenmu da ikilisiyoyinmu, ya ba mu kunnen ji da zuciyar aikatawa, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.